Kututture Arba'in da Uku

Doka, Gadarif
9 ga Satumba

Zuwa ga Yayata Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da su Razan. Yaya damina a Fau? Mu nan alhamdu lillah, sai idon Baba da yake ƙara dushewa.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san Yaya Husain ya faɗa wa Baba cewa itatuwan talha kawai ya sare a gonar gabas, don motar noma ta samu hanya. Jiya na je da kaina. Na ƙirga kututture arba'in da uku, kuma babu talha ko ɗaya. Duka hashab ne, daƙwarar da Baba ya shuka yana tsagawa don ƙaro tun ba a haife ni ba.

Na duba sau uku don ina tsoron ɗaukar alhakin mutum. Ƙayar talha doguwa ce, fara, miƙaƙƙiya, bibbiyu. Furenta rawaya ne, dunƙulalle, kuma ɓawonta yana bar wa hannu jan gari. Rassan da na tarar a ƙasa ƙayarsu gajera ce, uku-uku, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun suna kallon sama. Wasu har da busasshen fure, dogo, fari-fari. Da furensu aka sare su, Yaya.

Da baƙon lebura ne sai in ce kuskure. Amma Husain ne ya koya mini ƙirga ƙayar nan, shekaru kafin in shiga jami'a. Da na same shi bai musa ba. Ya ce dawa ta fi ƙaro saurin cika buhu, kuma Baba ba zai gani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya riga ya gaya wa Baba cewa ni, mai shahadar digiri a fannin gandun daji, na duba na tabbatar. Baba har ya sa mini albarka a kan haka.

Yau da safe Baba ya ce in wasa masa ƙarfen tsaga, wai da ruwa ya ɗauke zan riƙe hannunsa mu je. Na karɓa. Ba zan bari ya je yana laluben itacen da babu ba. Ranar Juma'a bayan masallaci zan faɗa masa. Don Allah ki hau mota ki zo kafin nan, ki zauna kusa da shi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Nu'uman