Hannun da Kika Ɗaure Ya Iya Jifa

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mana, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mu da kika bari muna nan lafiya. Yayata Adda Mairo tana nan a gidanki na Wuro Hausa, a Yola. Ƙafa ce dai take damunta, bakin kuwa lafiyarsa ƙalau. Ni ina Karewa, a Jimeta, da iyalina.

Shekara tara rabonmu da ke, ban taɓa rubuta miki komai ba. Ko da kina raye ma ba boko kike karantawa ba, sai dai a karanta miki kina gyara wa mai karatun. Yau dole ce ta sa. Magana ce ta taso a kan takwararki, autata, wadda muke kira Ummi saboda bakina ba zai iya kiran sunanki gatsau ba. Shekararta shida, kuma bahaguwa ce. Adda ta ce a ɗaure mata hannu kamar yadda kika ɗaure mini. Kafin in gaya miki abin da na yi, sai kin yi haƙuri kin ji labarin wani wasa, don ta can maganar ta biyo.

Da ma in ga fuskarki in kika ji cewa ɗanki, da furfurarsa a gemu, yana hawa tudu duk Asabar yana jifa da faifai. Ba irin naki na rufe ƙwarya ba, wanda in muka wurga a tsakar gida kike bin mu da muciya. Wannan na roba ne, mai ɗan nauyi, faɗinsa bai kai na farantin cin abinci ba.

Likita ne ya jawo. Ya ce sukari ya yi mini yawa, in riƙa tafiya a ƙasa. Na gwada zaga unguwa, amma a Karewa ba ka taku ashirin sai wani ya taka birki ya leƙo: "Alhaji, lafiya? Motan ya lalace ne?" Kwana uku na yi na haƙura.

Sai Filibus ya ji labari. Kin tuna shi, abokina ɗan Numan da muka yi makaranta tare, wanda kike ƙara wa tuwo kina cewa shi ne ya san darajar girki, ba mu ba. Ya yi ritaya daga koyar da motsa jiki. Ɗansa da ke karatu a waje ya aiko masa da jaka cike da faya-fayan nan, shi kuma da yake ba ya iya zama wuri ɗaya, ya je wurin mai walda a Jimeta aka yi masa kwanduna tara na ƙarfe. Kowanne yana kan sanda, da sarƙoƙi suna reto a samansa. Ya kai su ya kakkafa a tudun da ke bayan gonarsa, in ka haye gada ka wuce Vinikilang.

Wasan ba wuya a baki. Za ka tsaya a wuri ka jefa faifai wajen kwando. Inda ya faɗi, nan za ka je ka tsaya ka sake jifa, har sai ya bugi sarƙa ya faɗa ciki. Wanda ya gama kwanduna taran da jifa mafi kaɗan shi ya ci. Akwai faifai mai kaifin baki na nisa, akwai mai kauri na kusa. Shi ke nan.

Wurin ne ba shi da mutunci. Filibus bai kafa kwando ko ɗaya a fili ba. Wani yana bayan dutse, wani a gindin ɗorawa, wani sai ka gangara kwari ka sake hawowa kana haki. Kaɗanya da marke sun cika tudun, kowace ta tsaya daidai inda kake son faifanka ya bi. In damina ta yi nisa, ciyawa takan kai gwiwa, ka yi ta neman abinka da sanda kana addu'ar kada ka taɓo abin da ba shi kake nema ba. Amma in ka kai saman, za ka hango Binuwai tana kwance, Jimeta kuma can ƙetare. A nan nake tsayawa in ce ina kallon gari, alhali numfashi nake mayarwa.

Wata huɗu na yi ina zama na ƙarshe. Mu biyar ne ko shida muke haɗuwa, har da wanda ya girme ni da shekara goma, duk suna wuce ni. Babu bishiyar da ban buga ba a tudun nan. Filibus yakan ce, "Alhaji, kai da bishiyan nan akwai tsohon faɗa ne?" Ni kuwa abin bai ba ni mamaki ba, don na san kaina. Tun ina yaro ban taɓa jifan mangwaro ya faɗo ba. Ni ne mai riƙe wa yara riga in tsince musu abin da suka kaɗo. Na daɗe da yarda cewa haka Allah Ya yi ni.

Na manta, ko in ce na ajiye can gefe, cewa ba haka aka haife ni ba.

Ina tuna ƙyallen, yagen wani tsohon zanenki ne mai ruwan bula. Kikan dunƙule mini hannun hagu ki naɗe shi, ki ɗaura a ƙuguna. Da shi nake zuwa makarantar allo, da shi nake zama gaban akushi. In na manta na yunƙura da kafaɗar, sai in ji muryarki ta bayana: "Nyaamo, ɓingel am, nyaamo." Dama, ɗana, dama. Ba ki taɓa dukana a kan wannan ba, gaskiya ɗaya ce. Faɗa kawai kike yi, cewa hagu ta bayan gida ce, kuma ba za a ce ɗanki ya miƙa wa babba abu da ita ba.

Daga wannan Sallah zuwa waccan aka yi ana ɗaurin. A shekarar ce in'ina ta kama ni, aka yi ta ba ni rubutu ina sha har ta sake ni. Ban ce ɗaurin ne ya kawo ta ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ranar da kika daina ɗaurewa, hannun ya riga ya koyi zama shi kaɗai.

To, kwando na biyar shi ne maƙiyina. Hanyarsa tana lanƙwasa dama ta zagaye wani ƙaton dutse, a hagu kuma kwazazzabo ne cike da ƙaya. Filibus ya yi mana bayani cewa in ka yi jifa da bayan hannun dama, faifai in ƙarfinsa ya ƙare hagu yake karkata. Saboda haka duk Asabar nawa a kwazazzabon nan yake kwana, in sauka in ɗauko shi, in fito wando duk ƙarangiya.

Wata Asabar kafaɗata ta dama ta riƙe tun a kwando na uku. Da muka iso na biyar na ɗaga hannun na ji ba zai yiwu ba. Don kada a ce na gudu, sai na mayar da faifan hagu na wurga, ba shiri ba komai, yadda mutum yake jefar da ɓawon rake.

Dada, ya tafi. Ya bi ta tsakanin kaɗanya biyu bai taɓa ko ganye ba, ya miƙe, da ya kai dutsen ya karkata dama ya ɓace mana. Da muka zagaya muka same shi kwance taku huɗu daga kwando. Ba nisan ne ya tsaya mini a rai ba. Yadda ya fita daga hannuna ne, babu dabara, babu tunani, ƙafa da ƙugu da kafaɗa duk suka tafi tare kamar da ma jira suke a tambaye su. Filibus ya dube ni ya dubi faifan ya ce, "Ashe kana da hannu, ka ɓoye mana shekara hamsin?"

Na yi dariya tare da su. Sannan na zauna a kan dutse na ce gumi ne ya shiga mini ido. Daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun ina yaro. Bayansa kuma haushinki na ji, karo na farko a rayuwata. Na yi ta istigfari a mota har na haye gada, haushin bai sauka ba.

Tun daga ranar da hagu nake wasa. Kada ki ɗauka na zama gwani, Filibus har gobe yana cin mu. Na dai rabu da kwazazzabon na biyar, na koma shiga dajin na bakwai, wanda shi kuma hagu yake lanƙwasa. Kowane hannu da inda yake kai mai shi.

Yanzu ga maganar Ummi. Ta shiga aji ɗaya, kuma da hagu take riƙe fensir. Mahaifiyarta ta ɗan damu amma ta ƙyale ta. Sai Adda ta zo mana ziyara, ta miƙa wa yarinyar kofi, ta karɓa da hagu. Ranar Talata na dawo daga ofis na tarar da Ummi zaune a tabarma, hannunta naɗe da ƙyalle, ɗaure a ƙugu. Ɗaurin ma irin naki ne sak.

Ban ce komai ba. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi. Na wuce ɗaki na cire takalmi. Laraba ma haka, Alhamis ma haka. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ji kamar ke zan ce wa kin yi kuskure, a gaban 'yarki da surukarki, ke kuma ba kya nan balle ki kare kanki.

Ranar Juma'a da safe ina sa hula, Ummi ta shigo da kayan makarantarta a jiki, ƙyallen a hannu. Goggonta Adda, mai ɗaura mata, tana wanka, ita kuma ba ta son ta makara. Ta miƙo mini ƙyallen, ta dunƙule hannun hagun da kanta ta miƙo shi. Ba kuka take yi ba, ba ta ma ɓata rai ba. Kwana uku kacal, har ta yarda cewa hannun mai laifi ne.

Na karɓi ƙyallen na sa a aljihu. Na buɗe mata yatsun ɗaya bayan ɗaya, na riƙe hannun muka tafi mota.

Bayan an sauko daga masallaci na zauna da Adda. Na ce Ummi za ta ci da dama, ta sha da dama, ta bayar ta karɓa da dama. Wannan sunna ce kuma tarbiyya ce, ni da kaina zan koya mata, da baki. Amma rubutu da jifa da sauran aikin hannu, a bar ta da wanda Allah Ya ba ta. Ba za a ƙara ɗaure ta ba, a gidana ko a wani gida.

Kin san Adda. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "To, ka fi Dada sani ke nan? Ita Dadan ma bahago ne, kakarmu ta ɗaure mata tun tana ƙarama. Me ya ragu a jikinta?"

Ta faɗa ne don ta rufe mini baki, kuma ta rufe shi. Ban taɓa sani ba. Kafin la'asar ta haɗa kayanta ta koma Yola, ko rakiya ba ta yarda na yi mata ba. Zan bar ta ta huce in je da goro, ba yau muka fara ba.

Tun ranar nake ta tuno abubuwa. In za ki zura zare a allura, kikan juya mana baya, ni a zatona haske kike nema. In tukunya ta zo faɗuwa daga murhu, hannun da yake riga zuwa ba na dama ba ne. Kuma, ki yafe mini, marin da ya fi shiga a gidanmu kullum ta ɓangaren da ba mu zata ba yake zuwa. Shekara arba'in da wani abu ina gabanki ban gani ba.

Ashe kin san yadda ƙyallen yake ta ciki. Kin san ƙaiƙayin, kin san yadda loma take kufcewa a hanya, kika zauna kina kallona ina fama, ba ki taɓa cewa ke ma an yi miki ba. Na san don kada a yi mini gori a gidan mutane kika yi, yadda wataƙila aka yi miki. Haushin da na hauro gada da shi ya sauka, Dada. Tausayinki ne ya zauna a wurinsa, kuma ya fi shi nauyi.

Ban fi ki sani ba. Da hannun da kika ba ni na ci abinci a gaban manya ban ji kunya ba, da shi na yi aikin gwamnati har na kusa ajiyewa. Amma takwararki na sake ta. In saɓa miki na yi, ki yafe mini, don ba zan fasa ba.

Abu ɗaya nake ta cizon yatsa a kai. Da kina nan, da na ɗauke ki wata Asabar mun haye gada, ko da za ki yi ta cewa ba mu da aikin yi. In kai ki gaban dutsen nan, in sa kowa ya juya baya, in ɗora miki faifai a hagu. Sau ɗaya tak, in ga inda zai je.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Allah Ya gafarta miki, Ya gafarta wa wadda ta ɗaure ki, Ya gafarta mini shirun kwana uku. Ranar da za a raba wa kowa littafinsa, Allah Ya miƙa miki naki a hannun dama. A can kam, ba ni da gardama.

Ɗanki mai yi miki addu'a kullum,
Bahagon gidanki