Na yanka gwadon uwar mijina na yi wa falo kwalliya

Salama a gare ku. Anti mai wannan shafi, sannu da aiki. Ina gaishe ki, ina gaishe da iyaye mata da 'yan'uwa masu karantawa, Kirista da Musulmi duka. Don Allah ki rufe sunana, gama a layinmu ko tari na yi sai an gane ni ce. Sunayen da zan sa ma ba na gaskiya ba ne. Ban yi nisa a makaranta ba, in rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙasa, na riga na zagi kaina har na gaji.

Ni matar aure ce a Kafanchan, yarana biyu, babbar Joy shekararta huɗu, ƙaramin yana nono. Ɗaki da falo muke haya. Maigidana walda yake yi, mutumin kirki ne, ba ya duka ba ya sha, amma idonsa ba ya ganin cikin gida sam. Kujerun falonmu daga wurin yayansa muka gada, soso duk ya leƙo waje, ɗaya ma sai da bulo a ƙarƙashi take tsayuwa. Bango ya yi baƙi daidai inda kan mutum yake jingina. In na ce, "Baban Joy, ko labule mu canja mana," sai ya ce, "Labule za ki dafa mana mu ci?" Shi ke nan magana ta mutu. Ni kuma ni ce nake wuni a ciki, ni ce ake shigowa a samu. Waye ake yi wa dariya in gida ya yi haka? Namiji?

A cocinmu zumuntar mata suna yin addu'ar gida-gida. Da layi ya zo kaina na share, na goge, na shimfiɗa zane a kan inda ya yage. Matar wani dattijon coci ta shigo, ta tsaya tana kallon kujera, ta ciro hankici a jaka ta shimfiɗa kafin ta zauna. Sai ta ce, "Maman Joy, ai da kin gaya mana mu zo da kujerunmu." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da aka zo rufewa da addu'a ita aka ba. Ta ce, "Ya Ubangiji, ka dubi wannan gida, ka dubi bangonsa, ka dubi kujerunsa, ka ji tausayi." Mata suka ce Amin da ƙarfi. Anti, ni ban taɓa jin addu'a ta mari mutum ba sai ran nan.

Daga ranar na ce sai na gyara falon nan ko da ƙumbana ne. Kunun aya nake sayarwa a ƙofar gida, abin da ya ragu nake taɓawa. Wani maƙwabcinmu magini ya ba ni ragowar fenti kala biyu, na haɗa su, ya fito ruwan kunun gyaɗa, na shafa da kaina da yaro a bayana. Na sayi zanen gado na gwanjo babba na raba biyu ya zama labule. Faifai uku na kafa a bango, manya da ƙarami, yadda na gani a waya. Gwangwanin madara na naɗe da igiyar rama na dasa fulawa a ciki. Kafinta ya tara min guntun soso na cusa a kujeru, na lulluɓe su da yadi mai arha. Falo ya yi tsabta, amma ya yi fayau kamar wurin jiran likita. Ƙananan filon nan da ake jerawa a kan kujera su ne suka rage, kuma yadin da nake so hannuna ba ya kaiwa. Ga layin addu'a ya kusa zagayowa.

Nan ne Shaiɗan ya shigo, ko in ce nan ne na buɗe masa ƙofa da kaina.

Uwar mijina, Mama muke ce mata, tana ƙauye wajen Fadan Kagoma. Gwauruwa ce, Baba ya rasu tun kafin a auro ni. Idonta ya yi yana, ba ta gani sai inuwa-inuwa. Da damina rufin ɗakinta ya fara yoyo, sai ta zo da akwatinta na ƙarfe a ajiye mata a wurinmu. Tana da 'ya'ya mata biyu a garin nan, amma ni ta ɗaure wa makulli a bakin zane. Ta ce, "Ke ce mai hankali, 'yata. Ki riƙa buɗewa yana shan iska, ki sa kafur." Matar nan, lokacin da na haihu ita ta yi min wanka, ita ta hana danginsu maganar cewa ban yi karatu ba. Uwata ta rasu ina ƙarama, ita na samu.

Ran da na buɗe don in sa kafur, a can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa da littafin waƙoƙi, na ga wani gwado. Saƙin hannu ne, shuɗi mai duhu da fari, da jan layi siriri. Ya tsufa, gefe ɗaya ya fara zarewa, akwai wani wuri da wuta ta taɓa ci aka yi masa faci da baƙin zare. Na shimfiɗa shi a kan kujera don in gani kawai. Wayyo, kamar don falon aka saƙa shi! Ya shiga da faifan, ya shiga da fentin. Na mayar, na rufe. Washegari na sake fitarwa. Na ce a raina, tsohuwa ce, ba ta gani, ba ta rufa da shi, shekara nawa yana kwance asu na jira? Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san ba nawa ba ne. Na sani. Waya tana hannuna, da kira ɗaya na tambaye ta. Ban kira ba don na san za ta iya cewa a'a.

Na kai wa telata, Anti Rabi, 'yar gidan masu sayar da yadi a kasuwa. Ta juya shi, ta shinshina, ta dube ni. Ta ce, "Maman Joy, wannan fa ba a yin irinsa yanzu. Kin tabbata naki ne?" Na ce kakata ce ta bar min. Ta ce, "Kayan kaka ne za ki sa wa almakashi? Ki je ki kwana da maganar." Na ce Anti Rabi ki yanka kawai, ina da baƙi ran Laraba. Ta ce, "To, wuyanki." Ƙarar almakashin nan har yau tana kunnena. Filo huɗu ya bayar da wani dogon ƙyalle na kan tebur.

Maigidana ya dawo ya ce, "Kai! A ina kika samo wannan?" Na ce gwanjo. Ya ce, "Gwanjo akwai abin mamaki," ya jefa ɗaya a ƙeya ya miƙe ƙafa. Ran Laraba mata suka zo. Matar dattijon nan ba ta ciro hankici ba. Ta ɗauki filo ta juya, ta ce, "Wannan daga Kaduna ne ko Abuja?" Har hoto ta ɗauka. Kuma ga abin kunyar, na ji daɗi. Na ji daɗi sosai, sati biyu ina tafiya kamar na gina bene.

Sai watan jiya aka kawo Mama don a duba idonta a asibiti. Ta sauka a wurinmu. Na riƙe hannunta na zaunar da ita, na sa mata filo a baya don kwankwasonta. Joy tana ta ba ta labari, "Kaka, falonmu ya yi kyau, Mami ta sa faifai a bango!" Mama ta yi dariya ta ce, "Faifai a bango? To da me za a rufe tuwo?" Muna cikin hira da rana, ina tsince shinkafa, sai ta ce, "'Yata, akwatina yana nan lafiya?" Na ce yana nan, Mama. Ta ce, "Akwai wani gwado a ƙasa. Shekarar da muka fara sayar da citta a Kachia babansu ya saya min, shi ne abu na farko da ya taɓa saya min da hannunsa. Da shi na rufe yarana takwas, har da mijinki. Biyu da suka koma, a cikinsa suka cika. Ranar da Ubangiji ya kira ni, kada ki bari 'yan matan nan su naɗe ni da leshi don mutane su gani. Shi za a rufa min. Ke na gaya wa, don ke ba ki mantuwa."

Wayyo, Anti! Tana wannan magana bayanta yana jingine da shi! Na ce to, Mama. To kawai na iya cewa. Na shiga bayan gida na kunna famfo na yi kuka. Kuma haushin kowa ya kama ni. Haushin matar dattijo da hankicinta. Haushin maigidana, mutumin da aka rufe shi da abu tun yana jariri, yanzu kullum yana zubar da miyau a kansa amma bai gane ba, wane irin ido ne wannan? Da ya saya min yadi yadi biyu kacal, da na kai nan? Sai kuma in tuna ba shi ya riƙe makulli ba, ni ce.

Na koma wurin Anti Rabi da gudu na gaya mata gaskiya. Ta riƙe baki ta ce, "Ban tambaye ki ba? Ban ce ki kwana da maganar ba?" Na ce a warware a haɗa. Ta ce, "Siraran layi aka saƙa aka jera, ni kuma a gicciye na yanka, ga zif na sa, ga guntayen an share tuntuni. In na haɗa zai fito kamar rigar mahaukaci, kuma ba zai rufe ko Joy ba." Na zaga kasuwa da filo ɗaya a leda ina neman irinsa. Wani dattijo mai sayar da barguna ya duba ya ce, "'Yata, masu saƙa wannan sun kwanta dama, jikokinsu suna acaɓa." Ya nuna min na inji, kala ta yi kusa, amma santsi kamar leda. Mama da hannu take gani, wa zan ruɗa?

Abin da ya hana ni sukuni kuma shi ne wannan. Kwana biyu kafin ta koma ƙauye, na fito daga kicin na same ta ita kaɗai, ta ɗora filo ɗaya a cinya ta juya bayansa. Wanda yake da facin nan ne, na sa Anti Rabi ta mayar da shi baya don kada a gani. Babban yatsanta yana kan baƙin zaren, tana shafawa a hankali, tana shafawa. Na tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Wa ke nan? Maman Joy?" Na ce ni ce, Mama. Sai ta ce, "Yadin nan mai kyau ne. Irin na da." Ta ajiye, ta ce in ba ta ruwa. Da za ta tafi ta sa min albarka kamar kullum, har ta ba ni daddawa. To ta sani ne? Jira take in faɗa da bakina? Ko tsorona ne kawai yake nuna min abin da babu? In ta sani, to maganar nan da ta yi min cewa gwadon za a rufa mata in ta rasu, kafin ta gane ta yi ta ko bayan ta gane?

Yanzu likita ya sa rana. Talata mai zuwa za a yi mata aikin ido, washegari a cire bandeji, kuma a falon nan za ta yi jinya sati biyu. Jiya ta kira a wayar maigidana ta ce a ba ni. Ta ce, "'Yata, in an buɗe min ido, fuskarki nake so in fara gani, don tun da aka auro ki muryarki kawai na sani. Sai falon nan da ake ta yabo. Sai ki kawo min akwatina in ga kayana." Maigidana yana gefe yana murna, ni kuwa nono ma ya ƙi zuwa ran nan.

Na yi tunanin in ɓoye filon in ce gara ta ci gwado, amma akwatin ƙarfe ne, kuma Joy za ta ce ina filonmu, hoto ma yana wayar mutane. Na yi tunanin in gaya wa maigidana, amma shi da jin abu sai ya kira 'yan'uwansa mata, su kuwa dama suna jin zafin makullin nan da aka ba ni. In na faɗa mata kafin aiki, tana da hawan jini, an ce kada ranta ya ɓaci, in wani abu ya faru ina zan sa kaina? In na bari sai bayan aiki, abu na farko da sabon idonta zai gani shi ne gwadon mijinta an yi masa gunduwa huɗu da zif. Ba duka nake tsoro ba, ba kora ba. Tsorona ta daina ce min 'yata.

Yanzu da nake rubutun nan filon suna gabana a jere, ko zama kusa da su ba na iya yi. Iyaye mata, musamman ku da kuke da surukai, in ke ce Mama, yaushe za ki fi so ki ji, kuma daga bakin wa? In durƙusa tun idonta yana rufe, ko in bari ta gan ni tukuna? Kwana shida ya rage min. Don girman Allah ku gaya min, me zan yi?