Sunan da Ban Faɗa ba a Zauren Mai Gari

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tallafin Yara da Ɗalibai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Ranka ya daɗe, ni malamin gona ne a Ketare, ƙasar Kankara. Sau uku ina rubuto wa ofishinka ba amsa, shi ya sa na kawo maganar fili. Na saba rubuta abin da ya faru kullum a littafina, kuma daga cikinsa na ciro abin da ke biye.

1. Bara bayan girbi, ma'aikacinku ya zo rubuta 'ya'yan da gwamnati za ta tallafa wa iyayensu. A zauren mai gari aka zauna, mahaifina yana gefe tare da dattawa. Da aka tambaye ni 'ya'yana, na ce uku: Hadiza, Sale da Binta. Alhali huɗu ne. Na tsallake Isiyaku, ɗana na fari, wanda tun yaye yake hannun mahaifiyata. Kai ma ka san a wurinmu mutum ba ya kama sunan ɗan fari, balle gaban ubansa. Na zaci Baba zai faɗa. Shi kuma ya zaci masu aikin gwamnati suna da wata takardar daban. Haka aka tashi.

2. Bana Isiyaku ya gama aji bakwai, ya sami gurbi a makarantar horon malamai. Aka ce waɗanda suka gama firamare za a ba su kuɗin mota, akwati da kayan sawa, amma sai wanda sunansa ke takardar iyalinsu. Ya tafi ofishinku da kansa, cikin rigar da kakarsa ta wanke masa. Akawu ya buɗe takardata ya ajiye gabansa. Yaron ya iya karatu, Ranka ya daɗe. Ya ga sunan ƙannensa uku, ya ga sa hannuna a ƙasa.

3. Bai dawo gida ba. Ya wuce Yankara wurin kawunsa, yana ɗaukar buhunan masara ranar kasuwa. Na je na same shi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ake gaida baƙo, ya koma bakin aikinsa. Na juya kekena na koma gida.

4. Na je ofishinku sau biyu. An ce takarda ta riga ta tafi sama, ba a ƙara suna. Na kawo shaidar mai gari da ta limamin da ya raɗa masa suna, ba wanda ya buɗe su.

Ban ɗora wa ma'aikacinku laifi duka ba. Ni na yi sakandare, na san abin da sa hannu yake nufi. Na duba abin da na rubuta a littafina ranar, sai na tarar na ce an yi aiki lafiya. Ko kunya ce ta hana ni, ko tsoron kada dattawa su ce boko ya ɓata ni, har yau ban tantance ba. Amma da an tambaye mu ɗaya bayan ɗaya a keɓe, da na faɗa. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne, don wani abokin aikina a Sabuwa ya ce haka ta faru da shi.

Roƙona shi ne a buɗe takardar a ƙara sunan kafin a koma makaranta, don ba za a riƙe masa gurbinsa fiye da wata guda ba. A kuma riƙa tambayar kakanni mata, su ba sa mantawa da kowa. Kuɗin akwati zan iya sayar da akuya in yi, na ma faɗa wa kawunsa, yaron ya ce a bar shi. In kuɗin tallafin ba zai fito ba, na haƙura. A gyara takardar kawai, a buga mata hatimi, a aika masa Yankara ya karanta da idonsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka zuriyarka.

Wassalam.

Naka,
Mamman Sani, mahaifin Isiyaku,
Ketare.