Ƙofa Ɗaya Muke Roƙo Zuwa Ramin Yumɓu

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin wutar rana da ya kafa tasharsa kusa da Mirriya.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Laminu, da amalanken jaki nake neman abinci. Karatuna a lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba, in ka ga kuskure ka yafe mini.

Da murna zan fara, don ita ta fi yawa a zuciyata. Ranar da kuran, wato lantarki, ya shigo ƙauyenmu, wallahi har tsofaffin mata sun fito suna guɗa! Yau firigon sanyaya magani na asibitinmu yana aiki, ba a ƙara mayar da mai jego gida don allurar jariri ta lalace. Allah ya saka da alheri. To amma ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. Mahaifiyata, Iya Gambo, mai ginin tulu ce, haka uwarta ma. Ni nake ɗauko mata yumɓu, ni nake kai tulunan kasuwa. Ramin da matan unguwarmu suke haƙa tun kakanni yanzu yana cikin wayar da kuka kewaye tasharku da ita. Na je da jakina bayan girbi kamar kullum, mai gadi ya mayar da ni. Bai zage ni ba, har ruwa ya ba ni, amma ya ce umarni ne.

Na biyu. Na daɗe ina lura, kuma na gane ba mugunta ba ce. Masu awonku da damina suka zo, lokacin ramin cike yake da ruwa da kwaɗi. Wanda bai san wurin ba tafki zai gani, don ba a haƙar yumɓu sai rani. Taron da kuka kira na jin ta bakin jama'a kuwa, ranar kasuwar Mirriya aka sa shi. Masu gona sun zo, an saurare su, an sallame su. Mai tulu kuwa ina za ta bar kayanta ranar kasuwa? Ba mace ko ɗaya a wurin, kuma mu maza, mai gari ma haka, hankalinmu yana kan gonaki.

Mun gwada yumɓun wani wuri. Yashi ya yi masa yawa, tulu yana tsagewa a wuta. Iya ta zauna gaban matoya tana tsince fasassu. Ganin haka ne ya hana ni sukuni.

Na uku, wanda ya fi yi mini daɗi. Ashe kuna da biro, wato ofis, na kula da haƙƙin mutanen da aikinku ya shafa! Ban sani ba sai da kuka aiko Madam Rifkatu daga Damagaram. Baiwar Allahn nan ta tuɓe takalmi ta shiga ramin tare da Iya, ta murza yumɓun da hannunta. Ta faɗa mana gaskiya: ta gani, za ta kai magana, amma yanke hukunci naka ne. Ta kuma tabbatar ba ko fanno ɗaya na ɗaukar hasken rana a kan ramin, yana can kusurwar gabas, fili kawai.

Don haka roƙona, ranka ya daɗe, a buɗe ƙofa ɗaya a kusurwar nan, ko a ja wayar baya kaɗan. A yi haka kafin ruwan farko, don in ramin ya cika, shekara ta wuce matan nan, kuma wasu ba za su koma sana'ar ba. In za a sake taro, a tambayi mata ranar da ta yi musu.

Na bar maka tulu wajen mai gadi, Iya ta gina shi da ragowar yumɓun bara. Ka sa a zuba ruwa, ka sha ka ji sanyi. Ta ce in ya fashe ka aiko ta gina maka wani da murna, sai dai yumɓunsa yana bayan wayarka.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare tasharku da masu aiki a cikinta, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Laminu ɗan Iya Gambo