Wayar da Ke Ƙirga Takun Orest

Gona, 9 ga Mayu

Yaya Doreen,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Walter da jikoki. Yaya gwiwar? Takarda na rubuto saboda kunnen nan naki, in na kira sai mu ƙare a "me kika ce?"

An sallamo Orest daga asibitin birnin Saskatoon, wata biyu cif da shanyewar ɓarin jikin da ta same shi. Bakin ya koma daidai, har ya fi da surutu. Ƙafar hagu ce yake ja. Da yake tafiyar awa uku ce tsakaninmu da asibiti, likitar da ke koya masa tafiya, wata 'yar kirki mai suna Imelda, ta saka masa wani abu a wayarsa. Zai sa wayar a aljihun wando ya yi tattaki safe da yamma, ita kuma tana can tana ganin yawan takunsa, da saurinsa, da yadda ƙafa ɗaya ke jiran ɗaya. Duk Juma'a za ta kira. Ta ce in tafiyar ta ja baya za ta gani kafin mu gani, a mai da shi a duba.

Kin san mijin nan nawa. Muna shiga mota ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina fama da ɗan sanda ɗaya a gida, yanzu an ƙara min na aljihu."

Na ce, "Na aljihun ba ya dafa abinci, gara ka lallaɓa na gidan."

Jiya ya kai har akwatin wasiƙa a bakin titi. Ya daɗe a tsaye yana kallon gonar, wadda maƙwabcinmu Gord ya shuka mana alkama a cikinta bana.

Ki gai da kowa.
Ƙanwarki,
Verna

Gona, 20 ga Yuli

Yaya Doreen,

Ina gaisuwa, da fatan zafin bana bai takura muku ba. Kin tambayi jikin Orest. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba, don Allah kada Walter ya ji.

A tsakiyar Yuni ya buga kai da ƙofar rumbu. Ya ce ba komai. Bayan kwana goma ya fara ciwon kai da yawan barci, tattakin kuma kullum raguwa yake. Wata safiya ya kasa wuce matakalar ƙofa. Ya zauna a nan, ya zaro wayar ya miƙo min.

"Verna, ki ɗan zaga da ita."

Na ce, "Ka haukace? Ƙarya za mu yi wa yarinyar nan?"

"In ta gani, gidan tsofaffi za su kai ni, inda suka kai Metro. Kwana biyu kawai, ƙarfina ya dawo."

Kin tuna yadda wansa Metro ya ƙare a can, yana kallon bango. Yaya, tun da na san Orest bai taɓa roƙona ba. Na karɓa.

Yau sati uku ke nan. Nakan sa wayar a aljihu in bi titi ina jan ƙafar hagu, don kada a gane. Na iya tafiyarsa fiye da shi. Rannan Bev, matar Gord, ta tsayar da mota ta ce, "Ke kuma me ya samu ƙafarki? Ko ciwon ma tare kuke yi?" Na ce tsakuwa ce a takalmi.

Ranar Juma'a Imelda ta kira, muryarta cike da murna. Ta ce, "Malam Orest, ka ƙara sauri fa! Haka nake so." Ya ce, "Ai na gaya miki ni doki ne." Ni kuwa na shige ɗakin girki na saki famfo.

Kullum cewa nake gobe zan daina. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Verna

Gona, 28 ga Satumba

Yaya Doreen,

Ina fata kuna lafiya. Na ga wasiƙunki biyu. A ta farko kin ce in kira Imelda a ranar, kin yi gaskiya. Ban kira ba.

Ranar 2 ga Agusta na dawo daga tattakin na tarar da shi a ƙasa a falo, ido a buɗe, ba magana. A asibiti suka ce jini ne ya yi makonni yana taruwa a kansa a hankali, tun bugun ƙofar nan, ga shi yana shan maganin tsinka jini. An yi masa aiki. Ya rayu, magana ta dawo kaɗan-kaɗan, amma ƙafafun ba su dawo ba.

Imelda ta same ni a barandar asibitin, idonta ya yi ja. Ta ce, "Na duba na sake dubawa, ban ga alamar komai ba. Har safiyar da ya faɗi yana tafiya lafiya. Ta ina na kuskure?"

Na ce, "Ba ki kuskure ba, 'yata. Ni ce. Tafiyata kike gani."

Sai na gaya mata yadda muka yi da wayar. Na tambaye ta, da tafiyarsa ta gani, da an tare abin? Ta ce, "Da na sa an kawo shi a satin." Ba ta sassauta min ba, na kuma gode mata. Ta zauna da ni har aka kira ta.

Yanzu yana gidan tsofaffin, hawa na biyu. Kullum nakan je. Bai taɓa ta da maganar ba, sai sau ɗaya ina yi masa aski ya ce, "Ni na sa ki." Na ce ya daina motsi kada in yanke shi.

Ranar Lahadi suka ba ni shi na wuni ɗaya. Gord ya kafa katako a ƙofa don keken guragunsa ya hau, na dafa miyar kabejin da yake so. Da muka iso, ana girbi a gonar. Gord ya buɗe ƙofar mota zai ɗauke shi, sai Orest ya ɗaga hannu ya hana. Ya kalli gidan, ya kalli injin girbin yana kai da kawowa, kusan rabin awa, mu muna tsaye. Sannan ya ce, "Alkamar ta yi kyau, Gord. Verna, mai da ni."

Na mai da shi.

In gwiwar za ta bar ki, ki zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Gidan ya yi min girma.

Ƙanwarki,
Verna