Ƙwaya Huɗu Tsakanin Baba da Baffa

Zuwa ga mai girma jami'in da aka damƙa wa kuɗin yaƙi da tarin fuka a yankinmu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, ban kuma san inda ofishinka yake ba. Na tambayi mutum uku, kowa ya ce sai na sama da shi. Shi ya sa malamarmu ta Hausa ta ce in rubuta a buɗe, ita za ta kai inda za a buga, ko Allah zai sa takardar ta iso gabanka.

Sunana Safiya. Ina aji biyar na sakandare, gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gafasa, a ƙaramar hukumar Ajingi. Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji sai an kira sunana nake ɗaga kai. Idan na faɗi abin da bai dace yarinya ta faɗa wa babba ba, a yi mini afuwa.

Makon jiya na ji a rediyon Baba cewa wata gwamnati ta ƙasar waje ta ware kuɗi masu yawa don ƙarfafa yaƙi da tarin fuka a ƙasashe masu tasowa, har da tamu, kuma hukumominmu za su ƙara nasu a kai. Baba yana kwance a gindin darbejiya lokacin da aka karanta labarin. Ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon. Ina so ka ji abin da ya faru a gidanmu kafin a raba kuɗin nan.

Na ɗaya. Zan fara da abin da ya yi kyau, domin ba na son in zalunci kowa. Baba ya fara tari tun kakar bara. Ya sha saiwoyi, ya sha maganin kemis, tarin bai tsaya ba, ga rama, ga zufa. Bayan ƙaramar sallah Umma ta matsa masa ya je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ma'aikaciyar da ke wurin, Malama Ladi, ta ba shi 'yar roba mai murfi ya tofa kaki a ciki. A lokacin akwai mai babur da yake zagayowa duk Talata da kular ƙanƙara a bayansa, yana kwashe robobin ya kai can wajen Gaya inda injin gwajin yake. An ɗauki na Baba ranar Talata, kafin Juma'a sakamako ya shigo wayar Malama Ladi. Tarin fuka ne. Aka auna nauyinsa, aka ce ƙwaya huɗu kullum da safe kafin ya ci komai, har wata shida, kuma kyauta. Ba mu biya ko sisi ba. Mun gode, kuma har yau muna godiya.

Na biyu. Malama Ladi ta ce dole a sami wani a gida da zai riƙa ba shi maganin yana yin alama a kati. Katin yana da gida-gida, kowace rana da gidanta. Da yake ni kaɗai ce mai karatun boko a gidan, ni aka ba. Ta ce mini in tsaya in kalli bakinsa har sai na ga ya haɗiye, sannan in yi alamar. Na ce to.

Ban gaya mata cewa ni 'yar fari ce ba. Wataƙila a inda aka tsara katin ba a san abin da wannan yake nufi ba. A gidanmu uba yana jin kunyar 'yarsa ta fari. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce da Umma, ina yarinyar nan. Ni kuma ban taɓa tsayar da idona a fuskarsa ba. To ta yaya zan zauna ina kallon cikin bakinsa? Abin da nake yi shi ne, bayan ya dawo daga sallar asuba sai in durƙusa in gaishe shi, in ajiye ƙwaya huɗu a murfin kwano da ruwa a moɗa, in sunkuyar da kai. Idan na ji ƙarar moɗa ta koma ƙasa, sai in ɗauki katina in yi alama. Ni a wurina na yi aikina.

Na uku. Nan ne abin ya lalace. Malama Ladi ta ce za a gwada duk wanda yake zama da Baba, musamman Baffa Sani, ƙaninsa, wanda shi ma ya soma tari. Baba da Baffa gandu ɗaya suke nomawa, gonar da mahaifinsu ya bari, ba su taɓa raba ta ba. Katangar zana ce kawai tsakanin sashenmu da nasu. Kwano ɗaya suke ci a zaure tun suna yara. Ko goro aka ba ɗayansu a wurin suna, yana aljihu har ya dawo gida su fasa.

Baffa ya tofa a roba kamar yadda aka ce. Talatar nan mai babur bai zo ba. Ta gaba ma bai zo ba. Daga baya Malama Ladi ta gaya wa Umma cewa kuɗin da ake biyansa da na mai sun tsaya daga sama, ya yi wata biyu yana yi da aljihunsa, ya gaji ya koma ɗaukar fasinja. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa. Ita kuma doka ta hana ta ba da magani ba tare da sakamako ba, kowane kwalin magani da sunan mai shi. Baffa ya daure ya hau acaɓa ya tafi Gaya da kansa. Ya wuni a benci, da yamma aka ce masa abin da ake zuba kakin a ciki a saka wa injin, wanda kowane mutum da nasa, ya ƙare, ya dawo wani makon. A makon ne ruwan shuka ya sauka. Wanda ya san ƙauye ya san ba a barin gona a wannan makon. Bai koma ba.

Na huɗu. Wannan shi ne laifina, kuma zan faɗe shi yadda yake. Wata safiya ina wanke-wanke na ji Inna Hajara, matar Baffa, tana tambayar Umma ƙasa-ƙasa ko akwai matsala idan fitsarin mutum ya koma ja, domin na Baffa ya koma haka. Umma ta ce ai na Baba ma haka ya yi, an ce aikin maganin ne. Na tsayar da wanke-wanken. Baffa ba shi da magani. Ina ya samu?

Washegari na ajiye ƙwayoyin kamar kullum, amma na ɗago kaina. Na ga Baba ya haɗiye biyu, ya zura biyu a aljihun gaban rigarsa. Ya ga na gani. Na tattara duk ƙarfina na ce masa Malama ta ce idan ba a sha duka ba ciwon yana iya dawowa da ƙarfi. Bai yi faɗa ba. Ya kalli katangar zanar, ana jin tarin Baffa daga bayanta, sannan ya ce:

"Safiya, ba zan haɗiyi huɗu ɗan'uwana yana wannan tarin ba. Yi alamarki."

Ranar ce na fara jin sunana a bakinsa. Na yi alamar. Katin ba shi da gidan rabi, ko an sha ko ba a sha ba. Na ci gaba da yi har kusan wata huɗu. Duk ranar karɓo magani Malama Ladi tana duba katin tana yaba mini, tana nuna wa sauran masu jinya, tana cewa su yi koyi da 'yar makaranta. Ni kuwa ƙasa nake kallo, ita tana zaton kunya ce irin wadda na saba.

Abin da ya ƙara rufe mini baki shi ne, da farko kamar dabarar Baba ta yi. Su biyun suka ji sauƙi. Suka yi noman fari tare, suka yi maimai tare. Har Baffa yana tsokanar Baba a zaure wai ashe Turawa ɓarnar magani suke yi, abin da zai ishi mutum biyu suke ɗura wa ɗaya. Aka yi dariya. Ni ma na so in yarda.

Gero yana fitar da kai tarin Baffa ya dawo, wannan karon da jini. Ya rasu ana cikin girbi. Baba ne ya yi masa wanka, ko da yake sai da aka riƙe shi kafin ya iya tsayuwar sallar. Bayan sadakar bakwai na je asibiti ni kaɗai na gaya wa Malama Ladi gaskiya. Na zaci za ta zage ni. Ta dai cire tabaronta ta riƙe kanta, can ta ce da an gwada Baffa a Talatar farko da babu abin da zai kai mu nan. Sannan ta ce ita ma ya kamata ta tambaye ni ko zan iya.

Na biyar. Ga inda muke yau. Wata shidan Baba sun cika, amma tarin ya dawo, ya fi na da. Malama Ladi ta ce mai yiwuwa ƙwayar cutar ta saba da maganin saboda rabi-rabin da aka yi, kuma idan haka ne akwai wani magani daban da ake bayarwa. Amma ba za a san wanda za a ba shi ba sai injin ya duba kakinsa. Baba ba zai iya zaman babur zuwa Gaya ba, daga ɗaki zuwa gindin darbejiya ma sai ya huta a hanya. Sau uku yana tofawa a roba. Ta farko ta zauna a asibiti tana jiran mai ɗauka har ta lalace. Ta biyu haka. Ta uku ni na ɗauka da kaina, na fasa zuwa makaranta, na sa ta a kular abincin Umma da ƙanƙarar da na saya a bakin titi. Umma ta sayar da kajinta biyu aka yi kuɗin hanya. Mutanen wurin sun karɓe ni da mutunci, sun nuna mini injin ma ta taga, yana nan lafiyarsa ƙalau an lulluɓe shi da mayafi. Kayan aikinsa ne ba su iso ba. Na dawo da robar a cinyata.

Yanzu Baba ba ya shan komai. Inna Hajara da 'ya'yanta, da Umma, da mu, babu wanda aka gwada. Umma ta raba masa kwanonsa da moɗarsa, ta buɗe tagar ɗakinsa da aka toshe da buhu tun kafin a haife ni. Iyakar abin da muka iya ke nan.

Ranka ya daɗe, na gaji, amma ba da fushi na rubuto ba. Ban san yadda ake raba kuɗin gwamnati ba. Na san dai a rediyo ana yawan maganar taro da sababbin motoci da allunan bakin hanya. Abin da ya kashe Baffa bai kai girman waɗannan ba. Roƙona ga shi:

Ka sa a dawo da mai babur ɗin Talata, a kuma riƙa biyansa a kan lokaci, kada a bar shi da aljihunsa.

Ka sa kayan da injin yake aiki da su su riƙa zuwa kafin na hannu su ƙare. Idan sun ƙare, a sanar da ƙananan asibitoci, don kada mara lafiya ya bar gonarsa ya wuni a benci a banza.

Idan aka sami mai ciwon a gida, a gwada 'yan gidan a makon, a ba duk mai shi nasa kwalin. Mutanenmu ba su iya shan magani su kaɗai ɗan'uwa yana tari a bayan katanga. Ko an yi musu wa'azi sau ɗari za su raba. Hanya ɗaya ce, kowa ya sami nasa.

Kuma kafin a miƙa wa yaro kati, a tambaye shi a keɓe ko zai iya kallon bakin mahaifinsa.

Roƙona na ƙarshe na Baba ne shi kaɗai. Akwai roba ta huɗu a jakar makarantata, sabuwa, Malama Ladi ta ba ni. Shekaranjiya na kai masa, ya girgiza kai. Ya ce tofawar tana yage masa ƙirji, ba zai sake ba sai ranar da na zo na ce masa ga mai ɗauka a ƙofar gida. Ina roƙonka ka ba ni wannan ranar. Cikakken sunanmu da na ƙauyenmu suna wurin malamar Hausar da ta kawo wannan takarda.

Har yanzu kullum bayan asuba nakan je in durƙusa in gaishe shi da moɗar ruwa. Yanzu na iya kallon fuskarsa, shi ma yana kiran sunana. Murfin kwanon ne babu komai a kai.

Allah ya ba ka ikon sauke wannan amana, ya kare ka da iyalinka daga wannan ciwo, ya sa kada wani naka ya taɓa jiran sakamakon da ba ya zuwa. Allah ya jiƙan Baffa Sani. Ina sauraron ƙarar babur ranar Talata.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Safiya,
ɗaliba 'yar aji biyar, daga yankin Gafasa.