Gardamar Benci

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Gaisuwar ta tsaya haka, don labarin da ke bakina ba zai jira ba. Baba ya ci gardamar benci.

Ka dai san bencin ƙofar shagon Kawu Mai Aski, wanda Baba ya haɗa tun ba a haife ni ba. Ƙafa ta karye ya sauya, katakon sama ya tsage ya sauya, har ba sauran ko ƙusa ɗaya ta farko a jikinsa. Baba ya ce bencin nan ne dai, Kawu ya ce wani ne daban ya ari sunan na da. A kan haka muka taso muka same su, masu jiran aski har mantawa suke da abin da ya kawo su.

To jiya na riƙe Baba muka tsallaka titi, fitarsa ta farko tun da aka sallamo shi daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Yana zama ya bugi bencin da hannun nan mai lafiya, ya ce, "Tsohon abokina yana nan." Ina jira Kawu ya hayayyaƙo kamar kullum, sai ya ajiye almakashi ya ce, "Gaskiyarka, kafinta. Na yi tunani, shi ne dai." Shago ya kaure da tafi, ni na fi kowa zaƙewa. Ashe ana cin irin wannan gardama, Yaya!

Umma tana gaishe ka.

Taka, Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba da Umma, wasiƙarki ta iso. Na ji daɗi, amma ban yi mamaki ba, domin ni na roƙi Kawu a waya ya sakar masa. Likita ya ce jinin Baba ba ya son hayaniya, kin kuwa san yadda jijiyoyin wuyansa ke tashi in an taɓo bencin nan.

Irin wannan gardama ba a cin ta, Auta. Kowa ya riga ya yanke abin da yake nufi da "abu ɗaya" tun kafin ya buɗe baki. Tunda ba mai ci, gara a bar wa mara lafiya. Kada ki faɗa masa.

Ku huta lafiya.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Ba sai na faɗa masa ba, Baba ba yaro ba ne. Tun ranar bai sake cewa a kai shi shago ba. Yana wuni a ɗaki yana kallon akwatin kayan aikinsa, abinci sai Umma ta yi da gaske yake taɓawa. Na ji yana ce mata, "Da ni ne na da, da bai bar mini ba."

Na je wajen Kawu, shi ma duk ya yi sanyi, yana aski shiru kamar an yi masa rasuwa. Ya ce, "'Yata, alkawari na ɗaukar wa yayanki. Amma wallahi bakina ƙaiƙayi yake."

Ka kwantar da jininsa, ka kwantar da shi gaba ɗaya. Tsoro nake ji, Yaya.

Auta

Yayana na kaina,

Sallama da gaisuwa. Ban jira amsarka ba, zauna ka sha labari.

Yau Baba da kansa ya ce in miƙo masa sanda. Muna isa shago ya ƙi zama, ya ce, "Mai aski, na kawo maka kayanka. Kai ke da gaskiya. An sauya mini hannu, an sauya mini harshe, wanda ka sani ya tafi. Bencin ma haka, suna kawai ya rage."

Kawu yana tsakiyar yi wa wani direba aski. Ya kashe inji, ya juyo ido jajir. "Ƙarya kake yi, kafinta. Wannan taurin kan a asibiti aka dasa maka shi? Kai ne dai, ko an sauya maka komai."

"To bencin fa?"

"Bencin ma shi ne!"

"Kawo hujja," in ji Baba, ya ja gefen benci ya zauna.

Yaya, sun yi musayar wuri. Kawu yana kare maganar Baba har da buga ƙirji, Baba yana rusa ta da hujjojin Kawu, waɗanda ashe ya haddace tsaf. Direba ya gaji da jira da rabin kai, ya shiga gardamar yana goyon bayan Baba. Ni ina dariya ina share hawaye. Da muka dawo gida ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari, yana ci yana shirya abin da zai ƙure Kawu da shi gobe.

Yanzu kai da ka yi karatu, faɗa mini, wa ya ci?

Taka har kullum, Auta

Auta,

Na gaishe ku. Ki riƙa auna masa jini, ki kuma kai shi shago kullum. Ki ce wa Kawu na warware alkawarin. Ina tafe ƙarshen mako, a rage mini wuri a bencin, tsohon ne ko sabon.

Yayanki